Amanar da Baba ya bari a ƙasan adaka

Baba, assalamu alaikum. Ni 'yarka ce daga Jidda. Mahaifinmu ya rasu wata huɗu da suka wuce. Da muka buɗe adakarsa, can ƙasa a ƙarƙashin tufafi muka tarar da wani babban kwali ɗaure da igiya. A ciki akwai manyan takardu masu kauri guda 43, duk an zana labari a kansu da baƙar tawada, gida-gida, irin na mujallar yara. Kafin ya dawo Saudiyya, mahaifinmu ya yi aiki a wata maɗaba'a a Khartum. A bayan kwalin ya rubuta da hannunsa "amanar wane", ya sa sunan wani mutum, kuma sunan nan ne a ƙasan wasu daga cikin zanen. Yayana ya nuna wa wani mai sayen tsofaffin kaya da ya sani a kasuwar Harajin Sawarikh, ya taya riyal 4,000 gaba ɗaya, ya ce in Juma'a ta wuce ya janye. Yaya yana so a sallama, don kuɗin haya da na sabunta iƙama, wato takardar izinin zama, sun taso. Ƙanena ya ce ya gani a waya ana sayar da irinsu miliyoyi, ya rantse ba da shi ba. Umma kuma ta ce a ƙone su, hotuna ne, suna hana mala'iku shiga gida. Yau kwana biyar Yaya da ƙanena ba sa ga maciji. Kwalin yana ɗakina. Me zan yi?

Wa'alaikumus salam, 'yata. Allah ya jiƙan mahaifinku, ya kyautata makwancinsa, ya ba ku haƙurin rashi.

Sau biyu na karanta wasiƙarki. Kowa a gidanku ya faɗi ra'ayinsa a kan takardun nan, Yaya ya faɗa, ƙanenki ya faɗa, Hajiya mahaifiyarku ta faɗa, amma akwai mutum ɗaya da ya riga ku duka magana kuma ba a saurare shi ba. Mahaifinku ne. Ya ɗauki alƙalami ya rubuta "amana". Yana iya rubuta "kyautar wane", yana iya barin kwalin ba rubutu, sai ya zaɓi wannan kalmar, ya kuma haɗa ta da suna. Mutumin da ya ƙetare Bahar Maliya da kaya, ya yi ta canza gidan haya a Jidda shekara da shekaru yana jan su, bai sayar ba ko a ranar da tukunya ta ƙi ɗoruwa, ya san abin da yake nufi da abin da ya rubuta.

Saboda haka maganar ko a sallama a riyal 4,000 ko a jira miliyan ba ta taso ba tukuna. Abin da aka ba mutum ajiya ba ya shiga gadonsa. Kafin a yi maganar bashi, kafin wasiyya, kafin rabo, ana fara ware kayan mutane a mayar musu, in sun rasu a ba magadansu. Allah yana cewa a Suratun Nisa'i, aya ta 58, lalle yana umartar ku da ku mayar da amanoni ga masu su. Kuma mu da muke zaune a wannan ƙasa mun fi kowa kusa da misalin: daren da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, zai bar Makka, ana neman ransa, sai da ya bar Sayyidina Aliyu a baya domin ya mayar wa mutane ajiyarsu, alhali da yawan masu ajiyar ba su ma yi imani da shi ba. Wannan nauyin yana wuyan mahaifinku har ya koma ga Allah, yanzu ya sauko kanku. Ina ganin in kika faɗa wa 'yan uwanki haka, a natse, za su ji ta fiye da duk wata gardamar farashi, domin babu ɗan da yake so a tsare mahaifinsa a kan kayan wani.

Zan gaya miki dalilin da ya sa labarin bai ba ni mamaki ba. Na yi shekaru a ɗakin haɗa shafi na wata maɗaba'a a nan Jidda, zamanin da ake yanka da almakashi ana liƙawa da gam. Mai zane zai kawo aikinsa, a ɗauki hotonsa da babbar kyamara, a fitar da farantin bugu, shi ke nan an gama da takardar. Sai a jibge ta a lungu. Na ga an shimfiɗa irinsu an ci abincin rana a kai, na ga an naɗe kaya da su, na ga an kwashe su da shara ranar da aka tashi gyaran sito. Ban hana ba, kuma abin yana dawo mini har yau. Mai zanen da yake ƙaunar aikinsa yakan lallaɓa ya karɓe nasa, in tafiya ta kama shi ko ba shi da wurin ajiya sai ya damƙa wa wanda ya yarda da shi a cikin ma'aikata. A cikin duk mutanen da ke wurin, mahaifinku aka zaɓa. Kuma ba a nan kaɗai aka yi wannan sakacin ba. A Amurka ma sai a shekarun 1970 manyan kamfanonin labarin zane suka fara mayar wa masu zane takardunsu. Jack Kirby, wanda da hannunsa aka ƙirƙiro da yawan jaruman kamfanin Marvel, sai da aka yi ta kai ruwa rana kafin a 1987 a mayar masa da shafi wajen 1,900, kuma abin da ya zana musu ya ninka haka sau da yawa.

Yanzu maganar Hajiya. Kada ki yi mata gardama, kada kuma ki bari ƙanenki ya yi mata dariya. Hadisin da take nufi ingantacce ne, yana cikin Bukhari da Muslim. Malamai sun yi saɓani a kan zanen da ke kwance a takarda: malaman Malikiyya, waɗanda iyayenmu suka taso a kan karatunsu, sun tsananta ne a kan mutum-mutumi mai inuwa, suka sassauta a kan wanda ba shi da inuwa, da yawan malaman ƙasar nan kuwa sun hana zanen mai rai ko da a takarda ne. Ba ni zan raba wannan gardamar ba. Amma ko wane ɓangare aka bi, ba a ba mai riƙon amana damar cinna wa kayan wani wuta ba. Ki ce mata, "Umma, ba namu ba ne balle mu ƙone, Baba ya rubuta sunan mai su, so muke mu sauke masa nauyi." In har zuciyarta ba ta kwanta da kwanansu a gidan ba, a rufe su a kai gidan wani dattijo da kuka amince da shi, a gaban shaidu biyu, a ƙirga a rubuta adadinsu. Macen da ke cikin takaba ba ta bukatar ƙarin abin da zai hana ta barci.

Shi kuwa mai tayin, a ce masa albarka. Ban ce macuci ba ne, sana'arsa ke nan, ya saya da araha ya sayar da riba, kuma yana iya ajiye kaya shekara bai samu mai so ba. Amma abu biyu ya yi waɗanda duk wanda ya zauna a kasuwa ya san su: ya haɗa kayan a dunƙule ya yi musu kuɗi ɗaya, ya kuma yanka muku wa'adi. Mai saye a dunƙule sau da yawa guda biyu ko uku ya hango a ciki, sauran gyara ne. Wa'adin kuwa don kada ku samu sukunin tambayar wani ne. Takardar da ta yi shekaru a ƙasan adaka ba za ta lalace ranar Asabar ba. In yana so da gaske, zai dawo.

Ƙanenki bai yi ƙarya ba, amma rabin labarin ya gani. Gaskiya ne a watan Janairun 2022 gidan gwanjo na Heritage da ke Dallas ya sayar da shafi ɗaya tak da Mike Zeck ya zana a 1984 a kan dala miliyan 3.36, wato riyal miliyan 12.6. Abin da ya kai shi can shi ne shafin da Spider-Man ya sanya baƙaƙen kayansa ne, kuma akwai attajirai da yawa da suka karanta shi suna yara, suna son mallakarsa ko nawa ne. Gaskiya ne kuma a Janairun 2021 gidan Artcurial na Faris ya sayar da zanen bangon wani littafin Tintin da Hergé ya yi a 1936 a kan kusan yuro miliyan 3.2, duk da cewa an taɓa ninke shi an jefa a aljihun tebur shekara da shekaru. A wannan ma, ki lura, sai da aka yi ja-in-ja a kan ko kyauta aka ba iyalan mai buga littafin, ko kuwa aiko shi kawai aka yi ba a mayar ba. Tambayar "na wane ne" ba ta barin irin wannan kaya ko a Turai.

Waɗannan ƙololuwar kasuwa ce. Galibin shafukan asali, har na Amurka da Faransa, ɗaruruwan daloli ake sayar da su, wasu ma ba su kai ba. Kuɗin yana bin sunan mai zane, da farin jinin jarumin labarin, da ko bango ne ko shafin ciki, da ko an taɓa buga shi, sannan da yawan masu takara a kansa. Na ƙarshen nan ne ya yi ƙaranci a wajenmu. Masu tara asalin zanen mujallun Larabci suna nan, a Alƙahira da Bairut da ƙasashen Gulf, amma ba su da yawa, kuma babu tsayayyen farashi da za a ce ga shi. In ma an kai kaya babban gidan gwanjo, adadin da ake shelantawa ba shi mai kaya yake karɓa ba: a ciki akwai la'adar da ake ɗora wa mai saye, wadda takan kai kashi 20 cikin 100 ko fiye, sannan a cire ta mai sayarwa, ga kuɗin aikawa da inshora. Kada ƙanenki ya fara gina gida a zuciyarsa.

Amma kada ki ɗauka ina rena abin da ke ɗakinki. Sudan tana da tsohon tarihi a wannan fanni. Mujallar Al-Sibyan ta fara fita tun 1946, tana cikin mujallun yara na farko-farko a ƙasashen Larabawa, kuma duk wanda ya yi firamare a can, daga Umdurman har Mai Wurno, ya san Ammak Tango, jarumin wani labarin zane na cikinta. Sharhabil Ahmad, wanda duniya ta fi sani da kiɗa, ya yi shekaru masu yawa yana zana shi. Tun da yaƙi ya ɓarke a Khartum ranar 15 ga Afrilun 2023, an wawashe Gidan Tarihi na Ƙasa, gidaje da ofisoshi da ɗakunan karatu ba adadi sun ƙone ko an fasa su. Iyalai nawa ne suka fito da kayan jikinsu kaɗai? Yana yiwuwa takardu 43 ɗin nan su ne kaɗai abin da ya rage na aikin hannun mutumin nan a doron ƙasa. Ki ɗauka yana da 'ya kamarki a Alƙahira ko Port Sudan, wadda ba ta tsira da ko hoton mahaifinta ba, sai ga saƙo daga Jidda.

Kafin a fara cigiya, ki tabbatar da abin da kike riƙe da shi. Ki wanke hannu ki shanya, ki ɗauki takarda ɗaya ki karkata ta wajen hasken taga. Tawadar hannu ba ta kwanciya bai ɗaya, za ki ga sawun burushi a inda aka cike baƙi, wani wurin ya fi wani duhu. Ki nemi ragowar fensir a ƙarƙashin layin tawada, wani lokaci shuɗi ne, domin kyamarar maɗaba'a ba ta ɗaukar shuɗi mai haske. Ki nemi ɗigon farin fenti inda aka rufe kuskure, da guntayen takarda da aka liƙa masu ɗauke da maganar mutanen labarin, don sau da yawa wani mai kyan rubutu ne daban yake rubuta su. A gefe kina iya ganin saƙo zuwa ga mai kyamara, kamar a rage girma zuwa kaza, ko lambar fitowa da ta shafi. Asalin zane yakan fi shafin mujalla girma sosai. Wanda aka buga da inji kuwa sumul yake, ba gyara, ba fensir, in mai launi ne kika matso da kyamarar waya za ki ga ƙananan ɗigo-ɗigo a jere. Ki juya baya ma, hatimi ko kwanan wata a can yana da daraja. Duk wannan dattin da ido zai so a goge, shi ne shaidar kayan, kada ki taɓa shi.

Wajen ajiya, babban abokin gabanki a Jidda laima ce da zafi. Kada su kwana a ɗakin saman bene ko jikin bangon banɗaki. Ɗakin da mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, ke aiki ya fi, nesa da rana, nesa da turaren wuta, a kwance ba a naɗe ba, kuma a ɗaga su daga ƙasa saboda gara da kyankyasai. Ki kwance igiyar, tana cin gefen takarda. In akwai ƙarfen maƙala da ya yi tsatsa ki zare shi a hankali. Ki sa farar takarda marar asid tsakanin kowane shafi, masu sayar da kayan zane suna da ita. Salatif kada ya kusance su ko da kin ga yagewa. Kuma ina roƙonki, duk wanda ya ce a kai su shago a manne su cikin leda da injin zafi don su daɗe, ki ƙi. Wannan ba ya warwaruwa, kuma daga ranar babu mai tara zane da zai ƙara kallonsu. Kwalin da mahaifinku ya yi rubutu a kai shi ma ki adana shi kamar ɗaya daga cikin zanen.

Sai cigiya. Ki ɗauki hoton kowane shafi gaba da baya ki ajiye a wurinki, amma kada ki watsa su duka a Facebook, masu kwaikwayon sa hannu suna nan, haka masu cewa "ni ɗansa ne". Shafi ɗaya ko biyu sun isa. Ku fara da abokan mahaifinku, tsofaffin da suka zo ta'aziyya, musamman waɗanda suka zauna a Khartum tare da shi. Hajiya ma a tambaye ta a hankali, mata sukan riƙe sunan da maza suka manta. Daga nan sai 'yan Sudan mazauna Jidda, suna da yawa, suna da ƙungiyoyinsu, ga ƙaramin ofishin jakadancinsu a garin. Masu zane kuwa duniyarsu ƙarama ce, galibin na wancan zamani sun bi ta kwalejin zane ta Khartum, sun san juna, sun san 'ya'yan juna. Wanda ya zo da da'awa, kada ki gaya masa abin da ke cikin kwalin, ki bar shi ya kawo shaidar dangantakarsa. Kada kuma ki ba kowa ko shafi ɗaya "ya je a duba". Mai son gani ya zo ya gani a gaban Yayanki.

Ki gaya wa ƙanenki wani abu da zai sa ya taya ki da zuciya ɗaya: wannan cigiyar ita ce kuma hanyar da kayan za su yi kuɗi in ma sayarwar ce a ƙarshe. Zanen da ba a san mai shi ba, ba a san inda aka buga shi ba, na kasuwar tsofaffin kaya ne. Wanda aka san sunan mai shi, aka samo fitowar mujallar da ya fito a ciki, ga takardar iyalansa ta yarda, shi ne wanda mai tarawa ko gidan adana tarihi zai zauna a yi ciniki da shi. In shafukan labari ɗaya ne cikakke daga farko zuwa ƙarshe, kada a yarda a raba su. Kuma ya sani, mallakar takardar daban, haƙƙin buga ta daban, ba zai ɗauki zanen ya buga a riga ya sayar ba sai da izinin masu haƙƙi.

In an samu mutumin ko magadansa, a miƙa musu ba tare da sharaɗi ba. Suna iya karɓa su yi godiya, suna iya bar muku wani abu, suna iya cewa a sayar a raba, wannan nasu ne. In sun ce ai tuni ya bar wa mahaifinku, to ya zama gado, a raba yadda Allah ya raba. In kuma an yi iya ƙoƙari, an daɗe ana nema ba a dace ba, ku je wurin malamin da kuka yarda da shi da kwalin a hannu, domin malamai suna da bayani a kan dukiyar da aka rasa mai ita, kuma galibi sadaka ake yi da ita da niyyar ladan ya je masa.

Ban manta da Yayanki ba. Mutumin da mai gida yake buga wa waya, ga iƙama tana neman ƙarewa, ba kwaɗayi ne ya sa shi gaggawa ba, nauyin da mahaifinku yake ɗauka ne ya faɗo masa a ka cikin wata huɗu. Kada ki tunkare shi a gaban ƙanenku. Ki same shi shi kaɗai, ki fara da tambayar nawa ne ya rage a kuɗin hayar, da abin da ke da ƙanenki za ku iya kawowa. Sannan ki yi masa wannan lissafin: ko da takardun naku ne halak malak, in ku huɗun nan ne kaɗai magada, a riyal 4,000 Hajiya tana da tumuninta 500, shi da ƙanenku 1,400 kowanne, ke 700. Abin da zai shigo hannunsa ke nan, kuma a kansa ne 'yan uwa biyu suka yi kwana biyar ba sallama. In akwai kawu ko baffa da suke jin nauyinsa, a kira shi ya zaunar da su kafin Juma'ar, ya karanta musu rubutun mahaifinsu da bakinsa.

In kin samu sukuni ki aiko mini da hoton bayan shafi biyu da na gefensu inda aka yi rubutu da fensir. Har yanzu ina gaisawa da wasu tsofaffin abokan aikina 'yan Sudan, zan nuna musu, wataƙila wani ya gane hannun.